Kuɗin Tawada: Su Wa Ke Ɗaukar Nauyin Marubucin Hausa?

Wanda ya taɓa zuwa bikin ƙaddamar da littafi a Kano, ko Kaduna, ko Gusau, ya san yadda ranar take tafiya. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma na safe, amma sai an kusa kiran azahar ake buɗe taro da addu'a, don babban mai ƙaddamarwa bai iso ba, kuma in babu shi taron ba shi da kai. Ga uban taro, ga uwar taro, ga malamin jami'a da aka gayyato ya yi bitar littafin, wanda za a ba minti goma sha biyar, tun yana na bakwai a tura masa 'yar takarda cewa ya taƙaita. Littafin kansa yana can gefen teburi, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli kamar kayan lefe. Sai an kwance shi sannan muryar mai gabatarwa take buɗewa: wane ya ɗauki kwafi biyar a kan kaza, wance ta ɗauki biyu a madadin maigidanta, a tafa musu. Marubucin kuwa yana zaune cikin sabon ɗinki yana murmushi, zuciyarsa na can tana lissafin kuɗin hayar zaure, da na lemo, da cikon da mai maɗaba'a ke jira.

Washegari ake shiga ainihin aikin, wato bin alkawari. Abin da aka faɗa a lasifika daban, abin da ya shigo hannu daban. Oga ya tafi Abuja, a dawo Litinin, wayar ma ta daina shiga. Marubuta sun saba da wannan har ya zama abin barkwanci a tsakaninsu, amma ba su fasa ƙaddamarwar ba, domin a wurin da yawansu rana ɗaya ke nan tak da littafi ke iya mayar da kuɗin da ya ci.

Al'adar ba daga sama ta faɗo ba. Jikanyar tsohuwar hulɗar bara da ubangida ce. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa, wanda ya zauna a inuwar Sarkin Gobir na Isa, ba ya jiran ranar biki kafin a ɗora tukunya a gidansa. Ubangida ke ba shi hatsi da riga da doki, shi kuma ya biya da waƙa muddin rai. Mamman Shata ya faɗaɗa abin, ya ƙi ɗaure kansa a fada guda, ya rungumi sarakai da attajirai da direbobi da 'yan siyasa, amma shi ma iyayen gidansa na shekara da shekaru ne. Ƙaddamar da littafi ta gaji kirari da tafi da shelar kyauta a gaban jama'a, sai dai ta baro ɗorewar a baya. Zumuncin marubuci da mai ƙaddamarwa a bakin ƙofar zaure yake ƙarewa.

Ƙagaggen labari na boko kuwa a hannun hukuma ya buɗe ido. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da malamai su rubuta labarai, ya kuma sa gasa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi, wanda East ya rubuta tare da John Tafida, ya biyo sahunsu. Idan ana ba da wannan tarihi an fi tsayawa a kan gasar, alhali abin da ya raya littattafan yana bayanta: edita mai zama da rubutu layi-layi, da hukumar da ta ɗauki nauyin bugawa, da makarantun da ke sayen littafin su karantar da shi shekara bayan shekara. Imam matashin malami ne ɗan shekara 22 a Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar. An ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce yana cin albashi, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba a sallame shi da lambar yabo ba, sana'a aka ba shi.

Gidan da aka gina a Zariya ya yi ta sauya suna. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA ta zo a farkon shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, ta cika ƙauyuka da ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, amma ciniki bai riƙe ta ba, aka rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC da haɗin gwiwar Macmillan, shi kuwa idonsa na kan manhajar makarantu. Gasar da ya sa a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya yi tasa, wadda ta haifi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da 'yan uwansu a 1982. Littattafai ne masu nauyi, amma a duba tazarar: daga gasar East zuwa waɗannan kusan rabin ƙarni ne. Wanda Allah ya hore wa alƙalami a tsakani, in bai dace da manhaja ba, rubutunsa a akwati yake tsufa.

Daga nan kuma tattalin arziki ya juya baya. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka yi ta tangal-tangal har suka durƙushe. Manyan kamfanoni suka janye daga duk littafin da ba a jarrabawa a kansa. Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne cewa shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya riga ya yaye dubban matasa, musamman 'yan mata, da suka iya karanta Hausa, kuma ba su da abin karantawa.

A wannan giɓi aka haifi abin da masu suka suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, kuma a nan ne marubucin Hausa ya fara cin abinci daga aljihun mai karatu. Tsarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, don dabarar neman jari ce tsantsa. Marubuciya za ta cika littafin rubutu mai shafi tamanin da biro, ta kai a buga mata a tafireta, ta sayar da 'yan kunne ko ta ɗauki adashi, ta je ƙaramar maɗaba'a a buga mata. Ba ta da kuɗin buga labarin duka, saboda haka sai ta yanka shi: na ɗaya, na biyu, na uku. Cinikin na ɗaya ke biyan takardar na biyu. Dalilin da ya sa na ɗaya yake tsayawa daidai inda amarya ta suma ko ango ya buɗe wasiƙa ke nan. Talauci ne ya koyar da salon, kafin ya zama ado. Kwafi ɗaya kuma ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Yana zaga gida daga ɗakin uwargida zuwa na amarya, ya tsallaka maƙwabta, ya shiga makarantar kwana a ƙasan akwati, ko ya zauna a shagon haya har bangonsa ya yage a ɗinke shi da zare.

Ƙungiyoyin marubuta na lokacin, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa, sun yi aikin da kamfani ya kamata ya yi. 'Yan Raina Kama, cikinsu har da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu, sukan sa tambarin ƙungiya da jerin littattafan juna a cikin kowane littafi, ta yadda wanda ya sayi na mutum ɗaya ya ga tallar na sauran. In Da So Da Ƙauna ya fito daga wannan gida a farkon shekarun 1990 ya karaɗe Arewa har Nijar, ba tare da sisin gwamnati ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990, sai da ya kai Indiya, inda kamfanin Blaft ya buga fassararsa ta Turanci daga alƙalamin Aliyu Kamal a 2012.

Kada a yi wa kasuwar kwalliyar da ba ta da ita. Ɗan kasuwa ne ke riƙe da wuƙa da nama: yakan karɓi littafi bashi ya biya da kaɗan-kaɗan, ko ya saye rubutun ɗungurungum ya yi ta sake bugawa marubucin na kallo. Edita babu, shi ya sa kurakuran rubutu suka yi katutu, kuma a kan wannan masu suka irin Ibrahim Malumfashi suna da hujja, ko da yake Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun tsaya tsayin daka wajen kare marubutan a muhawarar da aka yi ta yi a jaridu. Hukuma kuwa, da ta tuna da su, ba da jaka ta zo ba. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

A wannan shekarar ta 2007 ce kuma gasa ta dawo, wannan karon daga aljihun mutum ɗaya. Hajiya Bilkisu Bashir ta sa gasar tunawa da mijinta, Injiniya Muhammadu Bashir Ƙaraye, inda 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya. An yi murna, aka yi 'yan zagaye, sannan aka daina jin ɗuriyarta, kamar yadda akan yi da duk abin da ya rataya a wuyan mai kyauta guda. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, wadda kuma Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarin Sansani, ita ta fi sauran tsawon rai, kuma ladanta mafi girma shi ne karanta labarin a rediyo inda miliyoyi ke saurare. Cibiyar Gusau da ke Kaduna da jaridar Aminiya su ma sun sa nasu gasannin. Bikin baje kolin littattafan Hausa na HIBAF, da aka fara a Kaduna a 2021, ya ba marubuta dandalin haɗuwa. Duk alheri ne. Sai dai gasa aikin da aka riga aka gama take sakawa, kuma mutum uku take ɗauka cikin ɗaruruwa. Wadda ta ci ta karɓi kuɗinta ta koma gida, littafinta na gaba kuma ita da maɗaba'a ne kamar jiya. An kwaikwayi gasar East, an manta da editansa da makarantunsa. Mafi tsoka cikin kyaututtukan adabi a Najeriya, ta kamfanin gas na NLNG mai dala 100,000, Abubakar Adam Ibrahim ya ɗauko ta a 2016 da labarin da ya ginu kan rayuwar Hausawa, amma da Turanci ya rubuta shi, don gasar ba ta karɓar Hausa.

Wasu marubutan sun bi inda kuɗi ke gudana. Tun shekarun 1990 suka fara komawa fim, kuma da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka, rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango ya zama aikin da ake biya a kan kari. Ƙungiyoyin agaji ma suna ɗaukar marubuta haya, sai dai kuɗinsu da saƙo yake zuwa a goye: karatun 'ya mace, riga-kafi, zaman lafiya. Mai biya shi ke zaɓar darasi, marubuci ya nemo labarin da zai lulluɓe shi.

Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa kuma galibinsu mata ne, sun koma waya. Littafin takarda ya ja baya a kasuwa, Wattpad da Facebook da WhatsApp suka gaje shi, tare da manhajojin sayar da littafi, ko da yake Okadabooks, wadda da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023. Abin sha'awa shi ne tsohuwar dabarar na ɗaya da na biyu ta dawo da sabuwar riga. Marubuciya za ta saki shafukan kyauta har labari ya ɗauki zafi, sai ta tsaya ta sanar cewa daga nan littafin kuɗi ne, ga lambar asusu, wadda ba ta da banki ta turo katin waya, 'yan Nijar ga tasu hanyar. Babu uban taro, babu ɗan kasuwa, babu alkawarin da za a bi ofis-ofis.

Bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, marubuciyar tana zaune a bakin gado tana duba hotunan shaidar biya ɗaya bayan ɗaya, tana gwada su da alat ɗin banki, don akwai masu turo na jabu. Wadda kuɗinta suka shigo ta jefa ta a zauren masu biya. Sannan ta buga babin gobe da manyan yatsu biyu, ta ɗora masa gargaɗin da ya zama kamar basmala a wannan fage: duk wadda ta fitar mata da littafi waje ba ta yafe ba, Allah ya isa. Ta tura, ta sa wayar a caji in an kawo wuta. Sau da yawa kafin hantsi babin ya riga ya bazu a zaurukan kyauta, wani kuma yana karanta shi da murya a YouTube, kuɗin talla na shiga asusunsa.