Jinjina ga Masu Buɗe wa Ɗalibai Ƙofa

A jami'o'in Amurka da dama akwai wani gida da ake kira Chabad House, inda malamin Yahudawa ke zaune da matarsa da 'ya'yansu. An buɗe na farko a 1969 kusa da jami'ar UCLA, a zamanin jagoran ƙungiyar Chabad, Menachem Mendel Schneerson. Ƙungiyar Hillel ta riga su fara hidima ga ɗalibai, tun 1923 a jami'ar Illinois.

Aikin masu Chabad House na yammacin Juma'a ya fi burge ni. Dokar Asabar ta hana su girki da zarar rana ta faɗi, don haka uwargida kan kammala komai tun kafin lokacin: burodin challah, romon kaza, kifi. Ɗalibi ya shigo ya ci ya ƙoshi, ba a karɓar ko sisi, ba a tuhumarsa kan ibadarsa. Wanda bai iya karatun Ibrananci ba, malam zai zaunar da shi su fara daga harafin farko.

Matan nan sun cancanci jinjina ta musamman, domin ciyar da ɗimbin baƙi kowane mako ba ƙaramin aiki ba ne. Yawanci zaman na dindindin ne, kuma ma'auratan ke nemo kuɗin tafiyar da gidan daga masu taimako.