Amana da Afuwa Cikin "Daren Sha Biyu": Shawara ga Malaman Ƙasar Daura

Wasan nan na Shekisfiya wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya juya zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, aka buga shi a Zariya cikin 1971, galibi akan koyar da shi a kan wasan soyayya da ban dariya. Lalle akwai su. Amma a ganina abin da ya fi kama zuciyar ɗalibi Bahaushe a ciki shi ne zancen amana, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Zan bi sunayen mutane da tsarin kashi da fitowa na asalin Turancin.

Tun daga sunan littafin ake fara tuntuɓe. Ɗan Daura in ya ji "daren sha biyu", sai hankalinsa ya tafi ga watan Rabi'ul Awwal, ga Mauludi da Sallar Gani. Sai malami ya gaya masa wannan dare na goma sha biyu ne bayan Kirsimeti, lokacin da mutanen Ingila kan saki jiki da raha da ba'a.

Na taɓa tambayar wani aji na masu koyon aikin malanta a Daura, wa aka ci amanarsa cikin wasan. Kusan dukansu suka ce Antoniyo. Suna da hujja. Shi ya tsamo Sabastiyan daga teku, ya bi shi garin da ake neman kansa, har ya damƙa masa jakar kuɗinsa. Da aka kama shi, a kashi na 3 fitowa ta 4, ya nemi a ba shi jakar, aka ce ba a san shi ba. To, amma wadda ke gabansa Bayola ce, abokiyar tagwaitakar Sabastiyan, sanye da kayan maza. Baƙin cikin Antoniyo na gaske ne, ita kuwa ba a ba ta kome ba balle ta ci.

Nan harshen kansa zai taimaki malami. Amana da amini da aminci da imani duk tushensu ɗaya ne cikin Larabci. Bahaushe kuwa yakan ba da amana, a riƙe ta, ko a ci ta, watau ya ɗauke ta tamkar ajiya mai tafiya daga hannu zuwa hannu. Saboda haka a koya wa ɗalibai su riƙa tambaya: wa ya bayar, me ya bayar, wa ya karɓa?

In suka auna wasan da wannan mudu, za su ga cin amanar yana inda suke ta dariya. Tobi yana kiran Andaru abokinsa, yana yi masa alkawarin auren Olibiya, yana cinye masa dukiya kaɗan kaɗan. A kashi na 5, da aka fasa musu kai su biyu, Andaru ya matso zai taimake shi, Tobi ya zage shi a gaban jama'a. Yaran Daura ba su bukatar dogon bayani a nan, domin sun san labarin Bayajida tun kafin ya iso rijiyar Kusugu, yadda Sarkin Barno ya ba shi 'yarsa aure, sa'an nan ya yi ta karɓar mutanensa da dabara har ya bar shi ba kowa. Da na ambaci wannan, wani ɗalibi ya ce ai gara ma Bayajida, shi ya farga ya gudu.

Akwai wata amanar kuma da ba a cika lura da ita ba. Mariya ta kwaikwayi rubutun uwargijiyarta Olibiya domin ta yaudari Malboliyo, har aka kulle shi a ɗaki mai duhu aka ce ya haukace. Ɗalibai sukan ce ai wasa ne. Sai a tambaye su ka'idar wasa a ƙasarmu. Wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, kowane ɓangare ya san da shi, ya gaje shi, yana kuma da ikon ramawa. Malboliyo ba abokin wasan kowa ba ne cikin gidan nan, mai girman kai ne dai da aka tarar masa.

Game da afuwa, ina ganin muna gaggawar tsine wa Malboliyo don ya fita yana rantsuwar ɗaukar fansa. Tarbiyyarmu ta yabon haƙuri ita ke jawo haka. Amma a sa ɗalibai su bi kashi na 5 layi layi, su nemo wanda ya roƙe shi ya yafe. Fabiyan ya faɗi gaskiyar abin da aka yi, amma yana mai cewa laifin ɓangarorin biyu ya yi kunnen doki. Tobi da Mariya ba su ma wurin, labarin aurensu kaɗai aka ji. Sai bayan fitarsa ne Orsino ya aika a bi shi a rarrashe shi.

Na sa ajin nan su ƙaro fitowa ɗaya ta kansu, su kai ƙarar zauren dagaci a yi sulhu. Suka tarar abin bai yiwuwa sai sun komo da Tobi, sun durƙusar da shi, ya furta laifinsa da bakinsa. Suka yi gardama mai zafi kan ko Malboliyo zai amsa, aka tashi ba su daidaita ba.

In za a nuna wasan a dandali, malami ya bar wa ɗalibai shawarar inda Antoniyo zai tsaya. Bayan ya gane Sabastiyan na gaskiya, ba a sake jin bakinsa ba har ƙarshen wasan. Ajin da nake magana sun tsai da shi can gefe kusa da ƙofa, tsakanin dogarai biyu, yana kallon masu aure.