Ziyarar Maƙera: Kallo Muke Yi Ko Nazari?

Ya zama al'ada, in aka zo darasin sana'o'in gargajiya, a kwashi ɗaliban Hausa a mota a kai su maƙera, su dawo su rubuta rahoto. Wannan abu ne mai kyau, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da nake so mu duba a nan shi ne irin rahotannin da ake rubutowa, musamman a kan ƙirar wuƙa a birnin Kano, mu ga ko sun cancanci a kira su nazari.

Duk wanda ya karanta biyu ko uku daga cikinsu, to kamar ya karanta saura ne. Da fari akan kawo tarihin baka na Abagayawa, cewa kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, ya taso daga Gaya neman tama har ya zauna gindin Dala. Mai ƙoƙari yakan ƙara da cewa masu binciken kayan tarihi sun gano ana narka tama a Dala tun ƙarni na 7 na Miladiyya. Daga nan sai jerin kayan aiki: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi, kurfi, magagari. Sai a raba maƙeran baƙi da na fari, a rufe da kiɗan dundufa da wasan wuta. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa ina wuƙar da aka je gani?

Aibi na farko shi ne, sunaye ake tattarowa, a bar aikatau. Sanin sunan masaba bai gaya mana sau nawa ake mai da ƙarfe wuta kafin ruwan wuƙa ya fito ba. Gwanintar maƙeri tana ga idonsa, watau gane irin jan da ƙarfe zai yi a cikin gawayin ƙirya kafin a tsoma shi a ruwa ya taurare. In zafi ya yi yawa wuƙa ta tsage ko ta riƙa ɓallewa, in ya kasa ba za ta riƙe kaifi ba. Akwai kalmomin da maƙera ke faɗa wa 'yan zuga da yaransu a daidai wannan lokaci. Su ya kamata ɗalibin harshe ya kasa kunne ya rubuta, domin yawancin sunayen kayan aiki tun 1934 Bargery ya riga mu sa su cikin ƙamus.

Aibi na biyu, kalmar "gargajiya" ta rufe mana ido. Ana rubutu kamar maƙerin yau da tama yake aiki, alhali tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen Turai ya yi ta shigowa, har narka tama ta mutu. Maƙerin yau tsofaffin ƙarafa yake saye, kuma ya san sufurin na mota ya fi rodin gini yin wuƙa, saboda shi yana taurara in an tsoma shi, rodi kuwa lanƙwashewa yake yi. Wannan ilmi ne sabo, da gwaji aka samo shi, ba gadonsa aka yi ba. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya haɗa gado da ƙirƙira da neman kasuwa tun daga sunan littafin. Mu da muke 'yan gida me ya hana mu ganin haka?

Aibi na uku, ba a tambayar masu amfani da wuƙar. Ba a yin tarken waƙa ba tare da an saurare ta ba, haka kuma ba a san wuƙa sai ta yi yanka. Mahauci ne zai faɗi wadda ke kai shi yamma ba wasawa, wanzami ya san askar kirki, uwar gida ta san wadda ƙotarta ke kwancewa. Bugu da ƙari, wuƙa ba aikin mutum ɗaya ba ce: baduku ne ke ɗinka mata kube. In rahoto bai leƙa wurinsa ba, rabin labari ya kawo.

Kada a ce wannan tsanantawa ce. Wuƙaƙen kanti masu ƙyalli da araha sun cika Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni, ko da yake in Babbar Salla ta matso har yanzu mutane da yawa wajen maƙeri suke komawa. Dalilin wannan komawa shi ne abin nazari. In muka ci gaba da nuna maƙeri a matsayin mai wasa da wuta kawai, to mun taimaka wa masu ganin sana'arsa abin kallo ce, ba abin koyo ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ita ce a rage yawan masu zuwa, a ƙara tsawon zama. Mutum uku su wuni su bi wuƙa ɗaya tun tana guntun sufurin har ta shiga kube, su naɗi maganar maƙerin da yardarsa. Kuma a sayi wuƙar, a biya shi gawayinsa da lokacinsa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, tun tsofaffin maƙeran suna nan da ransu. Allah ya sa mu dace, amin.