Ƙararrawa, Kuge da Ganga: Sukar Wani Adon Harshe da ke Shiga Darussan Hausa

A 'yan shekarun nan muna yawan cin karo da jimloli irin su "wannan ambaliya ƙararrawar gargaɗi ce ga hukuma" a rubutun jarida da labaran rediyo. Daga can suke gangarowa cikin nassoshin auna fahimta da malamai ke tsamowa don ɗalibai, har wasu na kafa misalin siffantawa da su a darasin adon harshe. A ganinmu wannan zaɓi yana da rauni, kuma dalilin yana cikin tarihin kalmomin kansu.

Idan muka duba yadda Bahaushe ya san ƙararrawa, za mu tarar aikinta sanar da lokaci ne. Ita ake bugawa a shiga aji, ita ake bugawa a tashi. Kalmar "ƙarfe" da muke faɗin sa'a da ita, kamar "ƙarfe 2", tana nuni ne ga ƙarfen da ake doka wa don a san lokaci. Haka nan "agogo" aro ce daga Yarabanci, inda kalmar ke nufin ƙararrawa da kuma abin auna lokaci, amma da ta shigo Hausa sai ma'ana ta biyu kaɗai ta zauna. Ke nan yaron da ya ji "ƙararrawa" abin da zai fara zo masa shi ne tara ko tashi daga makaranta. Tsoro ba ya ciki. In ban da ƙararrawar keke, wadda ke cewa a kauce, da wuya a sami inda ta ɗauki nauyin kashedi.

Sautin gargaɗi a ƙasar Hausa yana da nasa kayan. Akwai kuge, wato tagwayen ƙarfe marasa harshe a ciki da ake bugawa da ƙaho, wanda fada ke yin shela da shi. Akwai gangami, kiɗan tara jama'a idan wani babban al'amari ya taso, akwai yekuwa, akwai kururuwa idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo. Abin lura shi ne waɗannan sun riga sun haye daga ma'ana ta zahiri zuwa ta adon harshe ba tare da taimakon mai fassara ba. Ana cewa "an kaɗa kugen siyasa" ko "an buga gangar yaƙi" alhali babu makaɗi a wurin. Gangami a yau ya zama taron wayar da kai, na rigakafi ko na zaɓe. Ko sunan tsohuwar waƙar nan, Gangar Wa'azu, ya isa shaida: da mawallafinta ya so ya farkar da gafalallu, ganga ya ɗauko.

Ba muna cewa a rufe wa harshe ƙofar aro ba ne. Harshen da ya karɓi "agogo" ya narkar da ita ba baƙon aro ba ne. Damuwarmu ita ce koyar da fassarar kalma da kalma da sunan fasahar Hausa. Matsalar ta fi tsanani a makarantun kudancin ƙasar nan, inda tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu. Ɗalibi a Aba ko Ibadan ya riga ya san wannan magana a Ingilishi. In ya gan ta sanye da rigar Hausa zai gane ta nan take, malami ya ɗauka darasi ya shiga, alhali ɗalibin bai ƙaru da komai na tunanin masu harshen ba. Shi kuwa da ya san ogene ko agogon mai shelar garinsu, ai kuge ya fi kusa da shi.

Har ila yau, nassoshin kan tsallake matakan gargaɗi da Hausa ta bambance. "Hannunka mai sanda" nuni ne cikin sakaye. "Jan kunne" daga babba yake zuwa ga ƙarami. "Kashedi" kuwa da barazanar hukunci yake tafe. Baƙuwar jimlar takan haɗiye su duka, ta bar ɗalibi bai san wanne ya dace da uba, wanne da alƙali ba. Muna ba da shawarar masu tsara manhaja su sanya su a darasi guda a ƙaramar sakandare, tare da karin magana irin su "in kunne ya ji, jiki ya tsira". Inda kuma nassi ke magana a kan na'urar zamani, kamar ta motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana, kalmar da yara suka sani ita ce jiniya.