Wasan Mota a Mararraba Ba Zai Kawo Mai Ɗaukar Nauyi Ba

Shekarun nan wasan mota ya zama yayi a wurin samari. Ana ganinsa a Kano da Katsina da Funtuwa, kuma ya fara shiga ran matasanmu na ƙasar Pauwa, wato yankin Kankara. Yaro zai ari motar gidansu ko ta abokinsa, ranar ɗaurin aure ko bayan an sauko Idi, ya sami mararraba ya ja birkin hannu. Mota ta yi ta juyi a wuri ɗaya, taya na kuka, hayaƙi na tashi, abokai na ɗauka da waya. Kafin magariba bidiyon ya hau TikTok, a ƙasansa an rubuta cewa ana neman mai ɗaukar nauyi, yaron yana so ya zama ɗan tseren mota.

Ba na cikin masu raina wannan buri, domin na san muna da direbobi. Duk wanda ya taɓa shiga Golf ɗin haya da damina, an yi mata lodin masara daga wani ƙauyen Faskari ko Sabuwa za a kai kasuwar Sheme ko Dandume, ya ga gwaninta da idonsa. Direban yana hango launin ƙasa daga nesa ya gane inda taɓo yake da zurfi da inda akwai marmara a ƙasa. Ya san lokacin da zai sauke giya kafin ya shiga rairayi, ya san idan ya ɗaga ƙafa a tsakiyar mashigi to sai an kira masu turi. Wannan sanin ƙasa shi ne jarin tseren daji, wanda duniya ke kira rali. Damuwata ita ce samarin da suka fi kowa son abin sun kama hanyar da ba za ta kai su ba, kuma suna tsoratar da mutanen da ya kamata su taimaka musu.

A tseren rali ba a sakin motoci gaba ɗaya su yi ta goga kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a kan hanyar da aka rufe aka tabbatar babu mai keke ko jaki a kai. Agogo ne abokin hamayyarka. Mutum biyu ne a motar, direba da mai karanta masa hanya. Kafin ranar gasa su biyun sukan bi hanyar a hankali, direba yana faɗa ɗayan yana rubutawa: kwana ta dama mai kaifi, mita ɗari, kwalbati, kada a yanke, tudu, bayansa kwana ta hagu. Ranar gasa mai littafin kansa a sunkuye yake, yana karanto abin da ke gaba kafin a gan shi, direba kuma yana taka mota a kan maganar abokinsa alhali ƙura da tudu sun rufe masa gani. In an fito daga zangon gudu aka hau titin jama'a zuwa zango na gaba, dokar hanya ce ke aiki kamar ta kowa. Wanda ya isa wurin alƙalai a makare a ci shi tarar lokaci, wanda ya riga lokacinsa isa shi ma a ci shi. Duk wasan a kan natsuwa da amana aka gina shi, abubuwa biyun da ba a koya a mararraba.

Kuma ba lallai sai da sabuwar mota ake farawa ba. A Kenya, inda ake gasar Safari tun 1953, Joginder Singh da ɗan'uwansa Jaswant sun ci gasar 1965 da wata tsohuwar Volvo wadda ta riga ta sha tsere kafin ta zo hannunsu, suka kwance ta suka gyara da kansu. A 1975 Peugeot 504 ce ta ci wannan gasa a hannun Ove Andersson, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Irin motar da iyayenmu suka yi haya da ita shekara da shekaru, wadda kowane tsohon bakanike a Kankara ya san cikinta da bayanta, ita ce ta gagari manyan motoci a hanyoyin Gabashin Afirka. Abin da ya ci mata gasa juriya ce, ta isa ƙarshe bayan masu gudu sun kakkarye a hanya. A gasar Bandama ta Kwaddebuwa a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

To, sai maganar kuɗi, inda nake ganin aka fi yin kuskure. Saurayi zai je ƙofar wani attajiri ko ɗan siyasa, ya durƙusa ya ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, taimako nake nema in shiga tseren mota.” Alhaji ya kalli bidiyon, ya ga yara ƙanana tsaye taku uku daga mota tana juyi, ya ce, “Ɗana, Allah ya yi albarka, amma ka bar wannan abu kafin ka ɗauki ran wani.” In yana da kirki ya ba shi kuɗin mai ya sallame shi. Yaron ya fita yana cewa masu kuɗin Arewa ba sa taimakon matasa. Ni kuwa ina ganin Alhajin ya yi daidai. Ɗan kasuwa da zai liƙa sunan shagonsa a ƙofar motarka, mutuncinsa ya ɗora a kai. Ranar da motar ta kwace ta faɗa cikin 'yan kallo, sunansa ne zai fito a hoton da zai zaga gari. Ko a Turai, inda ake da kuɗi da tsari, a 1986 mota ta kutsa cikin 'yan kallo a gasar Fotugal ta kashe mutane, bayan wata biyu Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka mutu a tsibirin Kosika, hukumar tseren motoci ta duniya ta soke rukunin motocin da suka yi waɗannan haɗurra baki ɗaya.

Kuɗin ɗan siyasa kuwa ba na ba kowa shawarar ya dogara da shi. Yana zuwa gab da zaɓe, yana tafiya da an rantsar, kuma yana bar maka fosta a jikin mota wadda za ta sa rabin gari su juya maka baya.

Mu Katsinawa ba baƙi ba ne a harkar wasa mai tsada da ke rayuwa da masu ɗaukar nauyi. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa. Yau in ka je filin folo a Katsina ko Kano ko Kaduna lokacin gasa, za ka ga tutocin bankuna da kamfanoni sun kewaye fili. Doki ma yana kayar da mutum ya karya shi. Amma folo yana da fili mai iyaka, da alƙalai, da ranar da kowa ya sani a shekara, da kofi, da ƙungiya mai shugabanni waɗanda za a iya kira a tambaya in wani abu ya faru. Manajan banki yana iya rubuta wa na sama da shi takarda ya bayyana inda kuɗin ya tafi. Babu manajan da zai iya rubuta irin wannan takarda a kan juyin mota a bakin kasuwa.

Saboda haka in saurayi ya tambaye ni ta ina zai fara, ba zan ce ya nemi kamfani ba. Ya nemi 'yan'uwansa masu irin wannan buri su kafa ƙungiya mai rajista. Su sa dattawan ƙungiyar direbobi a ciki, su je wurin hakimi da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra a ba su fili nesa da gidaje, a kewaye shi da igiya, 'yan kallo su tsaya can baya. A jera tsofaffin tayoyi a fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga a ɗauki lokacinta, ta fito wata ta shiga. Kuɗin farko da ya shigo hannu kada a kai shi wurin ƙara wa inji ƙarfi. A sayi hular kwano ta gaske, da bel mai riƙe kafaɗu biyu, da abin kashe gobara, a gyara birki. Ƙarafan kariya da ake waldawa a cikin mota domin kada rufi ya danne mutum in ta kife, waɗannan a nemi wanda ya san ƙa'idarsu, don bututun ruwa da aka walda a gefen titi yana iya zama shi ne ajalin direba.

Masu ɗaukar nauyin farko kuma suna nan kusa, kuma ba tsabar kuɗi za su bayar ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, fetur kaɗai ya isa ya hana matashi atisaye, don haka mai gidan man da ya yarda ya cika tanki ranar gasa ya ɗauke babban kaso. Mai sayar da taya ya ba da ƙafa biyu, mai man juye ya ba da galan, bakanike ya ba da aikin yini, mai faci ya zo da injinsa bakin fili. Kowanensu a rubuta sunansa da kyau a jikin mota, a ambace shi a lasifika, bayan gasa a kai masa hotuna da takardar sakamako har shagonsa a yi masa godiya. A gaya masa abin da zai samu tun kafin ya tambaya: direbobin haya nawa za su zo kallo, su ne kuma masu sayen tayarsa gobe. Wanda ya riƙe wannan amana shekara biyu ko uku, yana da abin da zai ɗauka ya tafi Kaduna ko Kano ya nuna wa babban kamfani. Masu harhaɗa motoci a ƙasar nan suna son wurin nuna kayansu. Da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu a Maris 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta shirya tafiyar motoci daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka harhaɗa a Najeriya.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, don duk ɗan ƙasar Pauwa ya san shi. Hanyoyin burjin da suka fi dacewa da wannan wasa su ne waɗanda aka sha tare mutane a kansu. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumominmu. Gasar Dakar, da duk kuɗinta da jiragenta, rashin tsaro ne ya kore ta daga Afirka. Tun fitarta ta farko a 1979 ta ratsa Agadas, ta sha dawowa Nijar bayan nan, amma a 2000 sai da aka kwashi motocin a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazana. A 2008 aka soke ta, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Ba zan ce wa ɗan kowa ya je ya gwada gudu a bakin daji ba, kuma babu ɗan kasuwa mai hankali da zai biya kuɗin hakan.

Wannan ne ya sa nake ganin gasar farko ta samarin Kankara da Faskari da Sabuwa a rufaffen fili ya kamata a yi ta, kusa da babban gari irin Funtuwa ko Malumfashi inda asibiti yake kusa, da rani bayan an gama kaka, a fara da hantsi a tashi kafin la'asar domin kowa ya koma gida da sauran rana.