Jinjina ga Masu Tatsuniya na Magarya da Dungas

Haƙiƙa, duk wanda ya yi nazarin yadda Louise Bennett ta Jamaika (1919–2006) ta ɗaukaka karin harshen talakawan ƙasarsu da waƙoƙi da hikayoyin Anansi, takwaran Gizonmu, wajibi ne ya waiwayi tsofaffin matan Magarya da Dungas, waɗanda, alhali Faransanci ya mamaye makarantun boko tun zamanin Nasara, suka riƙe tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi cikin tsantsar Damagaranci, suna cusa wa jikoki ladabi da hikima bayan sallar lisha, ba don wani lada ba. Allah Ya saka musu da alheri. Ya ku ma'abota alƙalami, ku gaggauta taskace wannan gado tun masu shi suna raye.