Masu Tayar da Tsohon Injin Kwalekwale

A bakin kogin Kwara, daga Yauri zuwa tafkin Kainji, yawancin kwalekwalen haya tsofaffin injuna ne a bayansu, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, fenti ya koɗe, murfi ya tsage an ɗaure da waya. Har yau suna tsallakar da mutane da buhunan shinkafa saboda akwai bakanikai da suka san cikinsu, kuma aikin mutanen nan yana burge ni ƙwarai.

Idan aka kawo wa gwani injin da ya shekara a ajiye, ba ya saurin ɗaukar sifana. Igiyar tayarwa yake fara kamawa, ya ja a hankali yana jin nauyinta a hannu. In ta zo da tirjiya, fistin yana matse iska yadda ake so. In ta biyo hannu sakwa-sakwa, zobban fistin sun cinye ko silinda ta karce, sai ya faɗa wa mai jirgi gaskiya kafin a kashe ko sisi. In kuwa ta ƙi motsi sam, tsatsa ce ta kama. Sai ya cire fulogi, ya ɗiga mai ta ramin, ya bari ya kwana biyu yana jiƙa. Mai garaje a nan yake karya zobe.

Daga nan sai wuta. Ya jingina fulogin a jikin ƙarfen inji, ya ja igiya, yana neman tartsatsi shuɗi mai ƙara. Bakin fulogin ma yana ba shi labari: ruwan ƙasa lafiya ke nan, baƙi a jiƙe mai ya yi yawa, fari fat kuma inji yana ɗaukar zafi.

Tsohon fetur da ya bushe a kafireta yakan bar danƙo ya toshe 'yan ramukan da mai ke bi. Gwani yakan wanke su, ya hura, ya ɗaga su ga hasken rana. Ba ya cusa allura, don ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Haɗin mai kuwa ba abin ƙiyasi ba ne, domin irin wannan inji ba shi da rumbun baƙin mai, a cikin fetur ake zuba shi: rabin lita a lita 25 ga yawancinsu. Tsofaffin Evinrude da Johnson na Amurka da aka ƙera kafin 1964 suna son ninkin haka. Tunda an daina ƙera Evinrude a 2020, sau da yawa daga mataccen inji ake ciro wa mai rai kayan gyara.

Inda nake ganin ƙwarewar ta fi fitowa shi ne wajen ruwa. Bakaniken kirki ba ya tayar da inji a tudu ko na minti ɗaya, sai ya tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa. A cikin ƙafar nan akwai 'yar farfelar roba mai tura ruwa sama don sanyaya inji. In ta juya a bushe nan take ta ƙone, yashin kogi yana cin ta, dogon zama kuma yana sandarar da fikafikanta. Shi ya sa da inji ya tashi, yara na ihun murna, shi bakanike idonsa na kan siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefe. In bai fito ba, kashewa yake yi nan da nan.

Sai ya kwance kusar man giya ya tara yatsa. In man ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Ya zare babbar farfelar da ke tura jirgi, galibi sai ga zaren taru ya nannaɗe a bayanta ya yanke robar da ke tare ruwa. Ya warware shi, ya miƙa wa mai jirgi, ya ce: "Malam, ga ɓarawonka. Duk ranar kasuwa ka cire farfela ka duba."